GRUB ya hana tsarin da na ƙera tashi

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Raina a ɓace na zo. Na zauna na ƙera tsarin Linux nawa na kaina daga tushe, ina bin littafin Linux From Scratch, tun daga tubalan tushe irin su binutils da GCC da glibc har kanel, wato zuciyar tsarin. Ana ɗauke wuta ana kawowa, na daure har na gama. Da na zo matakin ƙarshe, wato sa GRUB, manhajar da ke tayar da tsarin idan an kunna kwamfuta, na buga grub-install /dev/sda a cikin chroot (inda ake shiga sabon tsarin daga cikin wanda ke gudana), sai ya ce wai faifaina da salon rabo na GPT aka raba shi kuma babu "BIOS Boot Partition", ba zai ci gaba ba. Na ƙara masa --force don in tilasta shi, ya wuce. Na kashe na kunna, jerin zaɓi ya fito, na danna, rubutu ya fara zubowa, sai ya tsaya cak a kan "Kernel panic - not syncing: VFS: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0)". Na koma ta filash na goge /boot gaba ɗaya na sake kwafo shi daga ajiyata. Yanzu ko jerin ba ya fitowa. Baƙin allo ne, kalmar GRUB a sama ta hagu, ɗan layi yana ƙyafta ido, shi ke nan. Ni abin da na gani shi ne GRUB ba shi da amfani. An cika masa kaya har ya kasa aikinsa ɗaya tilo. Wanda zai musa ya zo ya musa.

Mai Gyara: Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari ƙanena, Allah ya saka da alheri. A zauren nan kaf ba na jin akwai mutum uku da suka taɓa kai littafin nan ƙarshe.

Injiniya: Ƙera? Me ka ƙera?

Ɗan Fagge: Tsarin mana, Yallaɓai. Na rubuta a sama.

Injiniya: Na karanta. Kanel ɗin na Linus Torvalds ne da dubban mutanen da suka biyo bayansa tun 1991. GCC da glibc na GNU ne, aikin samar da manhajoji masu 'yanci. Umarnin da ka riƙa bugawa kuma an rubuta maka su layi-layi a littafin da Gerard Beekmans ya fara a 1999. Ka kwafa, ka liƙa, ka jira. Wannan haɗawa ne, ba ƙira ba. Mu riƙa kiran abu da sunansa, akwai yara a nan suna koyo.

Mai Gyara: To fa. An fara.

Ɗan Damagaram: Gaskiya Injiniya ya faɗa. Mu a nan wanda ya haɗa abu ba a ce masa maƙeri.

Mai Gyara: Malam, tela ba shi ya saƙa shadda ba, ba shi ya rina ta ba, zaren ma saya yake. Amma in ya gama babbar riga wa ake cewa ya ɗinka? Yaron nan ya harhaɗa GCC har sau da yawa, ya ware kayan aikinsa daga na uwar kwamfutar, ya zaɓi abin da zai shiga kanel da hannunsa. Idan wannan ba aikinsa ba ne, na wa ne?

Injiniya: Ai ka ba ni hujja da bakinka. "Ɗinka" ka ce, ba ka ce "saƙa" ba. Shi ma ya ce ya haɗa, mu tafa masa. In ƙira yake so, ya rubuta mana bayit 512 da BIOS, manhajar cikin injin da ke fara aiki idan an kunna shi, zai ɗauko daga sashen farko na faifai ya ajiye a adireshin ƙwaƙwalwa 0x7C00, ya rufe shi da 55 AA, ya nuna mana harafi ɗaya a allo. Ranar zan kira shi maƙeri a gaban kowa.

Ɗan Fagge: Yallaɓai, da girmanka, ka taɓa gama littafin?

Injiniya: Ba ni ake tuhuma ba.

Mai Gyara: Wato bai taɓa ba.

Anti Malama: Ɗana Ɗan Fagge, bar su tukuna ka saurare ni. Matsala biyu gare ka, ba ɗaya ba, kuma ta farkon ba ta GRUB ba ce. Duk lokacin da ka ga an rubuta "Kernel panic", kanel ne ke magana, wato GRUB ya riga ya ɗauko shi ya miƙa masa ragama ya tafi. Wannan (0,0) ɗin yana nufin kanel bai ga faifan da aka ce masa ba ko kaɗan. Yawanci direban faifai ne aka bari a matsayin modul, wato fayil daban da ba a haɗe shi cikin kanel ba. Modul ɗin yana zaune a cikin faifan da ake buƙatar modul ɗin kafin a buɗe shi, kai kuma ba ka da initramfs, ɗan kunshin da ake lodawa tare da kanel don ya taimaka masa buɗe faifai. Duba .config ɗinka: CONFIG_SATA_AHCI, CONFIG_BLK_DEV_SD, CONFIG_EXT4_FS da CONFIG_EFI_PARTITION, duk su zama y (a cikin kanel), kada ka ga m (modul). In faifan NVMe ne, CONFIG_BLK_DEV_NVME. Sannan me ka rubuta bayan root= a grub.cfg? In UUID ka sa, wato lambar shaidar tsarin fayil, kanel shi kaɗai ba ya gane shi sai da initramfs. PARTUUID, lambar shaidar rabon faifai, yake ganewa.

Ɗan Zongo: Salam. Ni tambayata ɗaya. Me ya sa kowa ke cewa "Linux" kawai? GNU/Linux ne. Richard Stallman ya sanar da aikin GNU tun 1983, shekara takwas kafin kanel ɗin. Shi kansa GRUB ɗin da ake zagi, GNU GRUB ne cikakken sunansa. In ana maganar wa ya ƙera me, a fara ba wa masu haƙƙi haƙƙinsu.

Ɗan Damagaram: Kai ma ka dawo da wannan? Wa yake da lokacin furta "GNU/Linux" kullum?

Ɗan Zongo: Mai adalci.

Injiniya: Ɗan Zongo ya taɓo wani abu. Torvalds da kansa da GCC ya harhaɗa kanel ɗinsa a Helsinki, amma shi ya rubuta lambobin. Wannan shi ne bambancin da nake faɗa.

Mai Gyara: To ashe shi ma da kayan wasu ya yi aiki. Kwamfutar da ya yi a kai fa, shi ya ƙera ta? In haka za mu bi, ba wanda ya taɓa ƙera komai a duniya. Matsalarku masu digiri ke nan. Yaro ya yi abin a zo a gani, maimakon ku ƙarfafa shi sai ku tsaya gyara masa Hausa. Ni a Farm Centre na koyi aikina a tsaye, kuma laftof ɗin da ya gagari masu kwali wurinmu ake kawo shi.

Injiniya: Sauya allon waya da sanin yadda kwamfuta ke tashi ba ɗaya ba ne.

Mai Gyara: Ka maimaita.

Injiniya: Na ce ba ɗaya ba ne. Ban zage ka ba.

Mai Gyara: Ka zage ni, ka zagi duk wanda ke cin abinci da sukuddireba. Watan jiya wani ya kawo min laftof daga ofis, an ce masa faifan ya mutu a sayi sabo. Na shiga saitin BIOS na ga an mayar da shi UEFI, sabuwar hanyar tashi, alhali tsarin a tsohuwar hanya aka sa shi. Na mayar, ya tashi. Mai kwali ne ya ce a sayi sabo.

Injiniya: Labari ɗaya ba hujja ba ne.

Shugaban Zaure: A yi haƙuri da juna, don Allah. Ban da gugar zana.

Ƙaramin Ɗalibi: Yayyena ku gafarce ni, ni sabo ne. Me ya sa ba zai sa Ubuntu, Linux ɗin da aka riga aka haɗa, kawai ba? Ni nawa yana tashi lafiya.

Ɗan Damagaram: Ubuntu na masu koyo ne, ƙanena. Ka zo Arch ka ga aiki.

Ɗan Zongo: Ubuntu ɗin ma daga Debian aka ciro shi a 2004. Debian tun 1993 yana nan, ba kamfani a kansa. Kowa a jikinsa yake tsotsa amma ba a ambatonsa.

Ɗan Damagaram: Debian kayansa tsofaffi ne.

Ɗan Zongo: Tsofaffi amma ba sa karyewa ranar da kake da aiki.

Ƙaramin Ɗalibi: To Ubuntu ɗin da me yake tashi?

Anti Malama: Da GRUB, ɗana. Debian ma haka. Wannan kaɗai ya isa ya sa a sake duba maganar cewa ba shi da amfani.

Ɗan Fagge, ga matsala ta biyu, wadda ta bar ka da baƙin allo. A tsohuwar hanyar BIOS, sashen farko na faifai bayit 512 ne kacal, kuma 446 ne kawai na lambobin tayarwa, sauran na teburin rabon faifai ne da hatimi. GRUB ba zai shiga nan ba, don haka ɗan guntu yake sawa, aikinsa ya nemo babban ɓangaren da ake kira core.img. A faifan MBR, tsohon salon rabo, akwai fili tsakanin sashen farko da inda rabon farko ya fara, yawanci a sashe na 2048, nan ake cusa shi. A GPT kuwa teburin kansa ya zauna daga sashe na 1 zuwa na 33, kuma GRUB ba ya taɓa abin da ba a ware masa ba. Shi ya sa ya nemi ka ba shi ɗan rabo nasa. Da ka sa --force, sai ya bar core.img a cikin /boot ya haddace lambobin wuraren da fayil ɗin ya kwanta a faifai. Da ka goge /boot ka sake kwafowa, fayil ɗin ya sauka a wani wuri daban. Guntun farko ya tashi, ya rubuta GRUB a allo, ya je inda ya haddace, bai tarar da kowa ba.

Gyaran ba wuya. Shiga ta filash, buɗe gdisk, yi sabon rabo mai lamba ef02, kada ka yi masa fomat. In ba ka da fili, daga 34 zuwa 2047 yawanci a sake yake kuma ya isa. Koma chroot ka sake grub-install --target=i386-pc /dev/sda ba tare da --force ba. Amma kafin komai, gaya min ko akwai /sys/firmware/efi idan ka tashi ta filash. In akwai, injinka ta UEFI ya tashi, kuma hanyar daban ce: rabon FAT32, da --target=x86_64-efi.

Ɗan Damagaram: Ni na ce ext4 ɗin ne, tsarin fayil ɗin faifan. Na taɓa ji an ce sabon e2fsprogs, kayan aikin ext4, ya ɓata GRUB.

Anti Malama: An yi hakan da e2fsprogs 1.47.0 da GRUB 2.06 a 2023, amma can "unknown filesystem" yake cewa. Shi bai ga wannan saƙon ba.

Ɗan Damagaram: Duk da haka ya jefar da GRUB ya sa systemd-boot, manhajar tayarwa ta systemd. Fayil ɗan ƙarami, layi huɗu, an gama.

Ɗan Zongo: Kada ka kawo mana systemd, mai sarrafa ayyukan tsarin, nan. Abin da ya haɗiye komai a tsarin, yanzu har tayarwar ma yana so?

Ɗan Damagaram: Debian ɗinka ma da systemd ɗin yake tafiya.

Ɗan Zongo: Kuma saboda haka wasu suka ɓalle suka yi Devuan, Debian marar systemd.

Mai Gyara: Da LILO, tsohuwar manhajar tayarwa, ake yi da, ba wannan surutun.

Injiniya: LILO da aka daina kula da shi tun ƙarshen 2015? Kuma shi ne ma uban haddace wuraren fayil, in ka sauya kanel ka manta ba ka sake gudanar da shi ba, ka kwana a waje. Ka ga abin da nake faɗa game da sani.

Mai Gyara: Sai yanzu da Anti ta yi bayani ka san da haddace wuraren fayil. Tun safe kana kan kalma ɗaya.

Ɗan Fagge: Ni dai na ce na ƙera kuma ban janye ba. Ba wanda ya taya ni zama lokacin da gwajin glibc ke ta tafiya batir yana ƙarewa. Kuma har yanzu ina kan bakana, manhajar kirki ba za ta bar mutum ya sa --force ta kai shi rami ba.

Injiniya: Ta gargaɗe ka, ka take gargaɗin. Maƙeri na gaske da ya karanta.

Mai Gyara: Ka ji ko? Ya dawo kan kalmar.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita don waɗanda za su shigo da safe. Ɗan'uwanmu Ɗan Fagge ya zo da ƙorafi a kan GRUB, kuma ya yi amfani da kalmar da ba ta dace ba. Injiniya, wanda duk mun san zurfin karatunsa, ya nuna da hujjoji na tarihi cewa bin Linux From Scratch haɗawa ne, kuma mafi yawan 'yan zaure sun gamsu da hakan. Wasu sun so su mayar da maganar ta zama ta masu digiri da 'yan kasuwa, wanda bai kamata ba, kuma ina jan kunne a kan haka. An kuma tabbatar GRUB ba shi da laifi, kamar yadda Injiniya ya nuna a ƙarshe. Anti ma ta kawo wasu shawarwari. Daga yau mai irin wannan aiki ya ce "na haɗa".

Mai Gyara: Ranka ya daɗe, wane mafi yawa? Mutum biyu ne suka bi bayansa, ɗayan ma kan Stallman yake magana. Kuma wa ya fara cewa mai sauya allon waya bai san komai ba? Ba ka ja kunnensa ba sai nawa. Aikin da Anti ta yi duka ka kira shi "wasu shawarwari".

Ɗan Zongo: Kuma a taƙaitawar ma an ƙi ambaton GNU.

Anti Malama: Ɗan Fagge, in kana nan, turo min abin da lsblk -f da blkid suka nuna, da grub.cfg ɗinka yadda yake. Ka tuna GRUB yana ƙirga faifai daga 0 amma rabo daga 1, don haka /dev/sda3 shi ne (hd0,gpt3). Ka fara gyara kanel ɗin kafin ka fita daga chroot, kada ka gyara GRUB ka sake faɗawa kan saƙon farko.