Neman shawara kan sayen tsohuwar Mustang a Jidda

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mazauna Jidda, musamman kanikawa. Mako biyu ke nan na kasa yanke shawara kan wata Ford Mustang GT ƙirar 2015 da na gani a Haraj, wata kasuwar saye da sayarwa ta nan Saudiyya, mai inji V8 lita 5.0, wadda ta ci kilomita 210,000. Kuɗinta bai fi ƙarfina ba, ɗawainiyarta nake tsoro, domin albashi ɗaya gare ni kuma ana jiran aike a gida.

Da muka ɗaga ta a gareji na ga danshin baƙin mai a ƙasan injin, sannan giyar, wadda otomatik ce, tana jinkiri kafin ta shiga ta uku idan motar ta ɗau zafi. Mai ita ya ce fahas ɗinta, wato gwajin lafiyar mota da hukuma ke yi, wa'adinsa bai ƙare ba, amma ba shi da takardar sabis ko ɗaya, kuma ni dai fahas bai ishe ni shaida kan lafiyar giya ba.

Shin canjin man giya yana magance wannan jinkirin, ko sai an sauke ta gaba ɗaya? Wanda ya taɓa riƙe irinta a zafin nan, nawa tayoyi da birki suke cinye masa a shekara?