Sauya injin wutsiya a ƙaramin jirgi mai saukar ungulu na rimot

Da muka zauna da masu wasan jiragen rimot, bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: a ƙananan jirage irin WLtoys V911, injin wutsiya, wato ɗan injin da ke juya farfelar baya don hana jirgin juyi, shi ne ke fara gajiya, domin burushin cikinsa, wato ƴan ƙarafan da ke kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa, na cinyewa. Alamarsa, jirgin ya riƙa juyi a wuri ɗaya kamar katantanwa da zarar an ƙara wuta.

Kafin komai a cire batir. Wayoyin injin sirara ne kamar gashi, rufe da fenti, sai an kankare bakinsu kafin dalmar da ake haɗa su da ita ta kama. Nan aka fi jan kunne: idan wayoyin biyu suka haɗu tsirara, allon lantarkin jirgin na iya ƙonewa, gyaran kwabo ya koma na fam. Shi ya sa wasu suka ce gara a sayi sandar wutsiyar da injinta a haɗe. Ni ma ra'ayina ke nan ga wanda hannunsa ke rawa.

Bayan haɗa sabon injin, a duba ɓangaren da farfelar wutsiya ke juyawa. In ta juya baibai, a musanya wayoyin. Kuma a bar injin ya huce bayan batir ya ƙare, kafin a sa wani.