Na sayi sabuwar talabijin amma hoton bai fito tangaran ba, ina matsalar take?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. A watan jiya na saya wa mahaifinmu talabijin mai inci 43, wadda mai shago ya tabbatar mini tana nuna hoton HD, domin idon Baba ya fara rauni kuma ba abin da yake so kamar kallon sallar Harami da labarai. Da na haɗa ta da tsohuwar dikodar da muke amfani da ita shekara da shekaru, sai hoton ya fito dishi-dishi, har Baba ya ce tsohon akwatin ya fi masa daɗin kallo. Shin an cuce ni ne, ko kuwa akwai abin da ban haɗa daidai ba? Ina roƙon masana su yi mini bayani daga tushe.

Mai ɗaura dish, Daura:
Wa alaikumus salam, Malam. Ina ganin ba a cuce ka ba. Hoton talabijin ɗigo-ɗigo ne ƙanana aka jera. Tsohon tsari yana da ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye, shi kuwa cikakken HD yana da 1920 da 1080, wato ninki biyar ke nan. Idan aka shimfiɗa ƙaramin hoto a kan faffaɗan gilashi dole ya yi bauri, kamar yadda hoton fasfo yake dagulewa idan aka ƙara masa girma, shi ya sa tsohon akwatin yake ɓoye aibin da sabuwar ta tona.

Abu huɗu ne sai sun haɗu: tashar ta kasance tana watsa HD, dikodar ta iya karɓa, wayar ta iya ɗauka, talabijin ɗin ta iya nunawa. Kai na ƙarshen kawai ka mallaka. Duba bayan dikodarka. Idan wayar nan mai kai uku ce, rawaya da ja da fari, to ba za ta taɓa ɗaukar HD ba, sai wayar HDMI. Sannan ka nemi dikoda mai rubutun DVB-S2 da MPEG-4 a kwalinta, domin tsofaffin da suka tsaya a DVB-S da MPEG-2 ko sun kamo sunan tashar, baƙin allo za su nuna maka. Faifan dish da ke kan rufinku kuwa galibi ba sai an canza shi ba.

Malama daga Ƙofar Marusa:
Ina goyon bayan wannan bayani, kuma ina so in ƙara cewa amfanin ga dattijo ya wuce kyan launi. Tun da muka canza dikoda, mahaifiyata take karanta rubutun da ke gudana a ƙasan labarai ba tare da ta matso da kujera ba, kuma a lokacin tarawihi tana bambance sahu da sahu a filin Ka'aba. Tashoshin Makka da Madina kyauta suke a taurarin ɗan'adam na Arabsat da Nilesat, saboda haka kada wani ya sa ka ɗauki kuɗin wata idan su ne buƙatar Baba. Mai son ƙwallon Ingila shi ne zai duba tsarin DStv.

Mai ɗaura dish, Daura:
Gaskiya ne, Malama. Sai dai a kula da saiti. Tauraron yana sama da nisan kilomita 35,786, don haka kaucewar faifai kaɗan tana isa ta sa hoto ya riƙa tsinkewa, kuma tsarin dijital ba ya yin yayyafin nan na da, ko dai ya fito tsaf ko ya daskare. Guguwar farkon damina ita ce babbar abokiyar gabarmu a nan, domin takan karkatar da faifan da aka ɗaure a jikin katangar ƙasa ko aka danne da bulo. Ɗaukewar hoto a lokacin ruwa mai ƙarfi kuwa ɗabi'ar zangon Ku ce, wato zangon siginar da irin waɗannan faya-fayan ke kamawa, yakan dawo da kansa idan hadari ya wuce. A kafa sandar da siminti, a kuma naɗe bakin LNB, wato na'urar da ke gaban faifai mai karɓar sigina, kada ruwa ya shiga waya.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Allah Ya saka muku da alheri. Na duba yanzu, wayar mai kai uku ce, kuma dikodar ba ta da ramin HDMI ko ɗaya. Gobe in Allah Ya yarda zan shiga kasuwa in nemo sabuwa, sannan in kira wanda zai duba sandar kafin ruwa ya sauka.