Zaren audugar da na saya yana motsewa, zai yi rigar sanyin yaro kuwa?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu saƙa. Ina so in saƙa wa yarona ɗan shekara 3 rigar sanyi da kibiya. Ulu yana sa masa ƙaiƙayi har wuyansa ya yi ja, shi ya sa na sayi zaren auduga zalla. Sai ga shi a jikin takardar an rubuta yana motsewa a wankin farko. Tsorona kar in gama wahala, a wanke sau ɗaya hannun rigar ya ɗage masa. In ƙara girmanta ne kawai, ko in mayar da zaren?

Mai Kibiya:
Wa alaikumus salam. Kar ki mayar, kuma kar ki ƙara girma da ka. Auduga ta fi motsewa a tsawo, a faɗi kaɗan take shiga, to in kika ƙara ko'ina daidai, riga za ta fito gajeriya mai faɗi kamar buhu.

Ki fara saƙa ɗan ƙyalle, santimita 15 kowane gefe. Ki sa zare mai wani launi ki yi alamar santimita 10 a tsakiyarsa, a tsaye da a kwance. Sai ki wanke shi yadda za a riƙa wanke rigar da gaske, ba wankin lallaɓawa ba, tunda kayan yaro kullum cikin wanki suke. Ya bushe sarai, ki sake aunawa. Idan 10 ta koma 9 a tsawo, duk inda kike son santimita 30 sai ki saƙa 33 da ɗan ɗoriya. Haka hannuwa.

Kakar Yara:
'Yata, ni wuyan ne ya fi damuna. Auduga ba ta miƙewa ta dawo kamar ulu, ga kan yaro babba ne a kan jikinsa. Na ga riga mai kyau da aka ajiye don ta ƙi wuce kunnuwa, yaro na ta kuka. Ki bar tsaga a kafaɗa ɗaya ki sa maɓallai, kuma ki sassauta hannu wajen rufe wuyan. Bakin hannu da gindin riga kuwa ki yi su da kibiya siririya, in ba haka ba za su saki.

Uwar Saƙa:
Wasu kan warware zaren su ɗaure shi wuri-wuri, su jiƙa a ruwan zafi kafin su fara. Yana ragewa, amma ni ban cika so ba, zare ya cukurkuɗe aiki ya dawo sabo. Kuma bayan wanki a shimfiɗe za ki shanya rigar. Jiƙaƙƙiyar auduga nauyi gare ta, in kika rataye a igiya kafaɗun za su zazzago.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ɗora ƙyallen gwajin yanzu. Kaka, maɓallai nawa kike sawa a kafaɗar, biyu sun isa?