GX 550 ko sabuwar Prado: wacce za ta iya da ƙasar Sakkwato?

Alhaji Bello: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Shekara tara ke nan ina hawan Lexus GX 460, ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba, amma shekaru sun fara nunawa a jikinta. Makon jiya a Abuja wani ɗan'uwana ya ba ni tuƙin sabuwar Lexus GX 550, kuma gaskiya ta shiga raina. Zirga-zirgata kun san ta: Illela kusan kowane mako, gona wajen Goronyo, Abuja sau ɗaya a wata. In saya ko in haƙura?

Injiniya Nasiru: Wa alaikumus salam Alhaji. Abu na farko, kada ka ɗauka tsohuwarka ce aka sake wa riga. A 2023 aka fito da ita, ta shiga kasuwa a 2024, kuma daga ƙasa aka sake ta. Taka V8 ce mai lita 4.6 da giya shida. Wannan V6 ce mai lita 3.4 da turbo biyu, giya goma, ƙarfin doki 349. Shasinta dangi ɗaya ne da na Land Cruiser 300 da LX 600 da sabuwar Prado, har yanzu bodi a kan shasi yake, tayoyi huɗu duka suna ja a kowane lokaci. Wajen ƙarfi ba ni da abin cewa. In za ka wuce tirela tsakanin Talata Mafara da Gusau, kafin ka gama taka totur ta riga ta fice.

Malam Sani Makanike: Injiniya ya hwaɗi gaskiya, amma ku bari in hwaɗi abin da muke gani a gareji. Injin turbo ba ya yafe abu uku: ƙura, gurɓataccen mai, da baƙin mai na arha. Duk ukun kuwa muna da su nan. Da hunturun bana anka kawo mani wata mota mai turbo da ta yi sawu biyu kacal zuwa Tangaza. Na ciro filtar iska na buga ta a ƙasa, jan gari yaz zubo kamar an juye kwanon garin dawa, na sa yatsa cikin bututun da ke bayanta na ji laushin ƙura. Ƙurar da ta wuce nan, cikin inji ta nufa. V8 ɗinka Alhaji tana haɗiye irin wanga ta yi shiru shekara da shekaru. Wagga ba ta yi.

Alhaji Bello: To Malam Sani, in na kiyaye fa?

Malam Sani Makanike: In ka kiyaye sai ta yi maka biyayya. Baƙin mai 0W-20 take sha, na asali, ba na jarka da ake aunawa a bakin titi ba. Kada ka jira kilomitan da littafi ya ce, littahin bai san watan Afrilu na Sakkwato ba, lokacin da zahi ke haura digiri 40 kuma mota na tsaye da esi a kunne awa guda. Filtar iska ka riƙa ajiye guda a but. Sannan in ta kunna wuta a dashbod, sai mai kwamfutar da ta san ta. Mu nan muna iya duba ta, amma babban aiki in ya taso, kayanta sai an aiko daga Legas ko Dubai, mota na iya kwana goma sha a zaune.

Injiniya Nasiru: Akwai kuma maganar da ya kamata a sani. A 2024 Toyota, uwar kamfanin Lexus, ta yi kiranyen wasu Tundra da LX 600 masu irin wannan injin, wato ta ce a mayar da su a gyara, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a ciki tun daga masana'anta. Ba ina nufin kowace GX na da matsalar ba ne. Abin yi shi ne ka karɓi lambar shasi a bincika ko akwai kiranye a kanta, kuma ko an yi aikin.

Hajiya Luba: Salamu alaikum. Yaya Bello, ni ta ɓangaren iyali zan yi magana tunda maigidana ita yake hawa, wata takwas ke nan. Sanyin esinta har baya yana kaiwa, wannan kam alhamdulillahi. Ƙofar baya yanzu sama take ɗagawa, ba gefe ba kamar taku, ya fi sauƙi in an matse ka a wurin fakin, gilashin ma yana buɗewa shi kaɗai in ƙaramin kaya za ka jefa. Amma kujerun can baya na yara ne. Da muka je biki Argungu na sa ƙanwata a can, ƙafarta a naɗe har muka isa. Kuma in ka ɗaga kujerun, wurin kaya ya tafi, kula biyu da jakar hannu sun cika shi. In iyalinka sun kai bakwai kuma kuna tafiya da kaya, ka yi lissafi.

Alhaji Bello: Na gode ƙanwata. Mu bakwai ne har da direba, ga wani abin tunani.

Kabiru Dillali: Yallaɓai, ka kula da wacce za a kawo maka, don ba iri ɗaya ba ce. Mai suna Overtrail kujera biyar ce kawai, amma ita ce mai rim 18 da taya mai kauri, ita ta dace da hanyar gonarka. Ta alfarmar mai rim 22 kyau gare ta a ƙofar gidan biki, amma tayar siririya ce, rami ɗaya mai baki ya isa ya kumbura ta ko ya lanƙwasa rim. Ni kuma a nawa ganin, ta Dubai ta fi ta Amurka dacewa da zafinmu. Takardun kwastan ka gan su da idonka kafin ka tura ko sisi.

Injiniya Nasiru: Ni abin da ya fi damuna da ita tanki ne. Lita 80 ne, ƙasa da na GX 460 mai lita 87. A ma'aunin Amurka tana cin mil 17 a galan, wato kusan kilomita 7 a lita, kuma wannan a titinsu ne, ba da esi a ƙure da kaya maƙil ba. Ba za ka kai Abuja da tanki ɗaya ba. Tsohuwar Prado mai taya a ƙofar baya tanki biyu gare ta, lita 150, shi ya sa mutanen daji suka riƙe ta. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kowa ya san abin da cika tanki yake nufi, amma ni ba kuɗin nake ji ba, tilasta maka tsayawa shan mai inda ba ka yarda da shi ba. Bara na sha mai a wani gidan mai a hanya, ban yi kilomita talatin ba mota ta fara shaƙewa, da aka sauke tanki ruwa ne kwance a ƙasa. Ga shi ita GX 550 fetur mai daraja aka rubuta mata.

Baba Umaru: Bello ɗana, duk sun yi maganar inji, ni maganar ido zan yi maka. Ka san halin da gabashin jihar nan ke ciki. Motar da kowa zai juyo ya kalla ba ita aka shiga ƙauye da ita ba yanzu. Tsohuwar taka mutane sun saba da ita, ta zama kamar kowace. In ka sayi sabuwar, ka bar ta ga Abuja da cikin gari, gona ka tahi da wadda ba ta jan hankali. Allah shi tsare mu baki ɗaya.

Alhaji Bello: Amin Baba, na ji kuma na ɗauka.

Kabiru Dillali: In dai mota ɗaya za ta yi duka aikin, ni Prado zan ce. Sabuwar akwai mai gas lita 2.8 da giya takwas, akwai mai fetur lita 2.7 marar turbo. Ta fetur ɗin ba ta da kuzari, a gaya maka gaskiya, bayan V8 za ka ji kamar an ɗaure mata ƙafa. Sai dai injin tsohon sani ne, duk makaniken da ke gyara Hilux ya san cikinsa, kuma ranar da ka tashi sayarwa ba ta kwana.

Malam Sani Makanike: Wanga haka yake. Injin 2.7 ko da dare anka tashe ni ina kwance shi in ɗaura.

Alhaji Bello: To ga inda na tsaya. GX 460 ba zan sayar ba, ta ci gaba da Goronyo da Illela. GX 550 kuma ba zan biya ba sai na sake tuƙa ta da tsakar rana, iyali a ciki, in ga yadda allurar mai ke sauka. Kabiru, ka nemo min mai rim 20 mai kujera bakwai, ka haɗo da farashin Prado mai gas in kwatanta.

Kabiru Dillali: An gama Yallaɓai, zuwa Alhamis in sha Allah.

Malam Sani Makanike: Kabiru, lambar shasin ka fara turowa Injiniya tukuna. In ta iso kuma ku biyo da ita gareji kahin a kai ta gida, in ɗaga ta in duba ƙasanta.