Neman kalma: opera, da faifan da aka ɗauka a gaban jama'a

Ɗan Malali: Salamu alaikum. Ku taimaka min, ranar Asabar da dare zan gabatar da shirin rediyo kan tsofaffin faya-fayan opera, kuma gobe kafin Juma'a za a karɓi rubutun. Ina son nuna bambancin inganci tsakanin abin da aka ɗauka a sitidiyo da wanda aka ɗauka mawaƙi na tsaye gaban jama'a, wato live recording. Na rubuta "kai tsaye", sai na ga ai bai yi ba, tunda wasu an ɗauke su shekara 70 da suka wuce. Ita kanta opera ɗin ban san me zan kira ta ba. Na tambayi ƙanena, ya ce min wai ta shiga intanet a waya?

Malama Kabala: Ƙanen naka yana da gaskiyarsa. Ka ce wasan kwaikwayo na waƙa, domin kusan komai rerawa ake, har faɗa da mutuwa. Ka faɗa sau ɗaya a farko, daga nan ka riƙa cewa ofera.

Baban Tudun Wada: Ofera kuma? Kullum mu ne da ƙoƙon bara. Ni tuni na ƙirƙiro kalma: waƙaikwayo. Waƙa da kwaikwayo, shi ke nan. A Italiyanci ma kalmar ba ta nufin komai sai "aiki", me za mu ara a ciki?

Mai Sauti Kawo: Ɗan Malali, ka bar "kai tsaye" wa watsa shiri. Ka ce ɗaukar dandamali da ɗaukar sitidiyo. Masu saurarenka sun san abin ba tare da suna ba: kaset ɗin makaɗan kalangu na wajen biki, inda ake jin guɗa da mai shela yana kiran wanda ya yi liƙi. Haka faya-fayan mawaƙiyar ofera Maria Callas na shekarun 1950 a La Scala, gidan ofera na birnin Milan a Italiya, suke. Za ka ji tari, ka ji takun ƙafa a kan katako, murya ta yi nisa in ta juya wa makirufo baya, wani lokacin har da raɗar mai tuna musu baiti. Amma masana da yawa sun fi son su, saboda a sitidiyo ana maimaitawa ne a yanka tef a haɗa, a dandamali kuwa numfashi ɗaya ne, in ta kuskure ta kuskure.

Baban Tudun Wada: Sitidiyo ma ba Hausa ba ce. Ɗakin ɗauka.

Malama Kabala: Baba, ranka ya daɗe, ɗakin ɗauka sai ka ce na asibiti. Waƙaikwayo kuma na gwada faɗa sau uku, harshena ya harɗe. Mu ba mu cika yanke kalma biyu mu liƙa haka ba, sai dai mu ce gidan waya, jirgin ƙasa. Garmaho da kuka tashi da shi fa, wa ya ƙirƙiro?

Baban Tudun Wada: Garmaho aro ne, amma faifai namu ne, na rufe ƙwarya. Iyayenmu sun ga abin sun ba shi suna daga ɗakin girki. Ku 'yan boko kuwa kunya kuke ji kada Bature ya kasa gane ku.

Ɗan Rigasa: Wane Bature ne zai kama tashar Hausa ƙarfe tara na dare, Baba?

Baban Tudun Wada: Ba da kai nake ba, yaro.

Mai Sauti Kawo: Tunda an taɓo garmaho, ka sa wannan a shirin. Lokacin da mawaƙin ofera Caruso ya yi ɗaukarsa a Milan a 1902 babu makirufo, cikin wani babban mazurari ake waƙa, allura tana zana sautin a kan kaki. Sai 1925 aka koma ɗauka da lantarki. Fuska ɗaya ta faifan ba ta wuce minti huɗu da 'yan kai, dole a datse waƙa ko a raba ta, har dogon faifai ya fito a 1948. Don haka in mai sauraro ya ji ƙara kamar ana suyar ƙosai, ba laifin mawaƙin ba ne.

Ɗan Malali: Na gode ƙwarai. Na ɗauki ɗaukar dandamali, na ɗauki ofera. Baba ka yi haƙuri, zan ambaci taka a ƙarshen shiri in ji me masu kira za su ce. Saura recital, inda mawaƙi ɗaya ke tsayawa da mai fiyano kawai, ba sutura ta wasa, ba labari.

Ɗan Rigasa: Waƙar kaɗaici.

Malama Kabala: A'a, sai a zaci matarsa ce ta yi yaji. Zaman waƙar mutum ɗaya, ya yi tsawo amma ana ganewa.

Baban Tudun Wada: Ku sa abin da kuka ga dama. In za ka faɗi tawa, ka ja "ƙai" ɗin, kada ka haɗiye shi.