Taƙaitawa: Shawarwari Kan Binciken Takardun Bram Stoker

1. Duk waɗanda suka ba da shawara sun amince cewa mai bincike ya fara da sharhin wasannin kwaikwayo da Stoker, marubucin littafin Dracula, ya rubuta wa jaridar Dublin Evening Mail, domin ta nan ya haɗu da ɗan wasan kwaikwayo Henry Irving a 1876.

2. Mafi yawa sun nanata cewa wasiƙun da ya rubuta a shekarun da ya yi yana tafiyar da gidan wasan Lyceum na Landan suna da wuyar karantawa, saboda hannunsa na gaggawa ne, don haka a riƙa kwafa sannu a hankali.

3. Ra'ayi ya rabu kan bayanan da Stoker ya rubuta yayin shirya littafin Dracula, waɗanda ke ɗakin adana Rosenbach a Filadelfiya. Wasu sun ce hoto ya wadatar, wasu kuwa sun dage sai an ga ainihin takardar, kuma ni ina tare da waɗannan na biyun.